Ranar da kuka fara ɗora babban inji a ƙaramin babur, me ya faru?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina tara tarkace a zauren gidanmu, har tsohuwa ta fara tambayata ko sana'ar gwangwan na koma. Ina da gangar jikin wata tsohuwar roba-roba ta yayana, wadda ya jingine tun lokacin da aka hana acaɓa a cikin garin Jos zamanin Gwamna Jang, injinta ya buga tuntuni. Yanzu na samu injin Lifan 125 mai kuloci, ina so in ɗora mata, in sa tayoyi masu haƙora, in bi samarin da ke gwada ƙwanji a tuddan ƙasar kuza wajen Rayfield ran Asabar. Kafin in kai wa mai walda, ina son jin abin da ya same ku ranar farko da kuka tayar da naku, har da na ban kunya. Kowa ya faɗi nasa.

Bakaniken Farin Gada:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kai ka yi sa'a, naka ba ya ma buƙatar walda. Akasarin injunan nan masu kwanciya, tun daga Honda C50 da C70 da C90 har zuwa na Sin da suka kwaikwaye su, ramukan ɗaurinsu iri ɗaya ne, dogayen notuna biyu ne ke riƙe da su. Ka zare tsoho, ka zura sabo, kafin la'asar ka gama. Abin da zai ci maka lokaci shi ne wayar kuloci, tunda roba-roba ba ta da hannun kuloci, sai ka sayo ka haɗa.

Ni nawa da injin CG na fara, wato mai tsayuwa irin na Honda, 150, na cusa shi a gangar jikin Jincheng AX100, wadda asalinta ƙaramin inji ne da ita mai cin fetur da baƙin mai tare. Na kwana biyar ina yanka ina likawa. Ranar gwaji na taka kik sau ɗaya ya tashi, yaran gareji suka yi ta ihu, ni kuwa kaina ya kumbura. Na fita bayan gari, na ja na ɗaya, na biyu, ina shiga na uku sai ji na yi ƙarara, kaca ta fice ta naɗe a ƙafar baya, ƙafar ta ƙame, na share ƙasa da gwiwa kamar taku goma. Da muka dawo na ɗora doguwar rula a jikin sipoket na baya, sai ga ta ta wuce na gaba da kusan faɗin ɗan yatsa. Ido na auna da shi lokacin da nake ɗaure injin. Tun daga ranar ba na barin a yi walda ta ƙarshe sai na ɗora kaca, na ja zare daga sipoket zuwa sipoket, na juya ƙafa da hannu na ga tana gudu a tsakiya.

Kuma ka duba lambar kacarka. Ƙananan injunan nan akasari 420 suke zuwa da ita, wasu kuma 428. Tazarar haƙoransu ɗaya ce, amma 428 ta fi faɗi. In ka sa 428 a sipoket na 420 za ta hau, sai dai ta yi ta rawa, ita kuwa 420 ba za ta zauna a na 428 ba ko ka yi mata rantsuwa.

Mai Walda, Dilimi:
Oga ya faɗi gaskiya, amma ya ɓoye cewa ni na sake masa aikin. To ai shi ke nan, na tona.

Abu ɗaya zan ƙara. Kada wanda ya kawo min bututun famfo ya ce in yi masa ƙarin gangar jiki da shi. Na taɓa yi wa wani yaro, ya matsa min, ni ma lokacin ina son kuɗin. Tsalle na biyu da ya yi daga kan tudu, wuyan babur ya rabu da jikinsa, ƙafar gaba ta yi gabas shi ya yi yamma. Allah ya tsare, haƙori ɗaya kawai ya bari a wurin. Bututun ruwa an yi shi ne don ruwa. Kai ma Ɗan Gangare, gangar roba-roba falle ne aka lanƙwasa, ba kauri, wuta kaɗan take hudawa. In za ka riƙa tsalle da ita, ka kawo in lika mata faranti a ƙarƙashin wuya da wajen da shoka ke kamawa. Ka cire tanki da CDI, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta, kafin ka zo, ba na kunna wuta kusa da warin fetur.

Injiniya daga Kubwa:
Ni labarina na iska ne. A Abuja na haɗa nawa, injin CG 200 da kafireto PZ30, na yi makonni ina saita shi har ya zama ina taɓa totur yake amsawa. Muka ɗora shi a bayan a-kori-kura muka hau Jos ta Akwanga, ina ta cika wa abokaina baki a hanya. Muna sauke shi a Bukuru sai ya koma kamar jakin da ya sha ruwa ya ƙoshi. In na murɗa totur sai ya yi ɓuɓɓuɓɓu, baƙin hayaƙi na fita ta salansa, wani yaro da ƙaramin inji 110 ya wuce ni a hawan tudu yana waiwaye. Na zare fulogi, baƙi ƙirin da shi kamar gindin tukunya.

Na zaci kwayil ne, har na saya sabo a banza. Wani dattijon bakanike ne ya karɓi fulogin ya duba, ya ce daga ina aka kawo mashin ɗin. Na ce Abuja. Ya yi dariya ya ce ɗana, ai ka hau dutse da shi. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, Abuja ba ta kai rabin haka ba. Iskar nan ba ta da nauyi kamar ta can, don haka abin da inji ke shaƙa ya ragu, shi kuwa kafireto bai san an yi tafiya ba, yana ta zuba fetur ɗin da ya saba. Mai ya rinjayi iska ke nan. Ya sa min jet mafi ƙanƙanta, wato ɗan noti mai rami da fetur ke bi a cikin kafireto, ya ɗaga kilif ɗin allura mataki ɗaya don allurar ta ƙara nutsewa, ya ce in je in zaga sau uku in dawo. Na dawo ya zare fulogi, ya koma launin soyayyiyar gyaɗa. Ya ce haka ake so.

Sauran labarin ne ya fi ciwo. Na koma Abuja na manta ban mayar da tsohon jet ba. A can iska ta fi mai yawa, ga zafin watan Maris, inji ya ɗau zafi har fistin ya kama a hanyar Bwari. Yanzu jet biyu nake yawo da su a kwalbar magani, ɗaya na rubuta J, ɗaya A.

Ɗan Gangare:
Injiniya, to ni da aka ce in cire soson iska gaba ɗaya don ya ƙara ƙarfi fa? Abokina ya cire nasa, ƙarar ta yi daɗi wallahi.

Bakaniken Farin Gada:
Ƙara ce kawai. Ka bar shi ya yi Asabar uku a ƙurar hunturu, za ka ga yana hayaƙi fari kamar mai gashin masara. Ƙasar kuza yashi ce mai kaifi, in ta shiga tana cin ringi da silinda kamar sanfefa. Ka sa soso, ka jiƙa shi da baƙin mai ka matse, ka wanke duk ranar da ka dawo.

Ɗan Acaɓan Da:
Ku bar ni in ba ku dariya. Shekara goma sha na yi ina acaɓa, na ɗauka ba abin da babur zai koya min. Na haɗa nawa da injin CG na Sin, na cire fitila, na cire madubi, na cire kariya, na cire batir, wai duk don rage nauyi. Na yi ta taka kik har cinyata ta sage, ko tari bai yi ba. Kwana biyu ina zargin wanda ya sayar min da injin, har na je shagonsa na yi masa rashin mutunci. Ashe CDI iri biyu ne. Akwai mai shan wuta kai tsaye daga kwayil na cikin inji, akwai mai sha daga batir, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Nawa mai batir ne, ni kuma na cire masa abincinsa. Sai da na koma na ba mutumin haƙuri da goro.

Da ya tashi kuma sai giya ta yi min nata. Injin irin mai zagayen giya ne, daga na biyar in ka sake takawa sai ya koma firi, ka ƙara takawa ya faɗa na ɗaya. Ina gangarowa a guje, na ɗauka akwai sauran giya, na taka, inji ya yi kuka a banza, na rikice na sake takawa na saki kuloci. Ƙafar baya ta ja wani uban birki, na tashi sama na sauka cikin kabejin wani bawan Allah. Na biya kuɗin kunyar kabeji biyu, kuma tun ranar ba ya son ganinmu a wajen. Ku riƙa gaida manoman rani da ke bakin tafkunan nan kafin ku fara, ku tambaye su inda ba sa so a bi. Su suka riga mu zuwa.

Yayar Wani:
Ni ba na hawa, ƙanina ke yi, amma ni na yi jinya don haka ina da bakin magana. Ya ɗora inji mai kusan ninki biyu na asali, bai taɓa birki ba. Birkin ganga ne na ƙaramin babur, takalman cikinsa ma sun cinye. A gangaren da ke kallon tafki ya matse, babur ya ƙi tsayawa, sai ya kwantar da shi da gangan don kada ya faɗa ruwa. Kun san ramukan kuzan nan ba su da gaɓa, daga baki sai zurfi, kuma sun ci mutane da yawa. Ƙashin ƙaurinsa ya karye gida biyu. Silifas ne a ƙafarsa. Hular kwano kam yana da ita, ita ce ma ta tsage maimakon kansa, har yanzu tana rataye a ɗakin Mama, ta hana a yar.

Wata huɗu yana kwance, ni ke kai masa ruwan alwala. Ya warke, ya koma, ban iya hana shi ba. Amma yanzu ya sa ƙafar gaba mai birkin faifai, kuma ni na saya masa takalmi mai rufe ƙauri a gwanjon Katako, na ce in na gan shi ba takalmin zan sa a sayar da injin a kilo.

Mai Walda, Dilimi:
Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Ƙafar gaban nan ni na haɗa masa, yanzu na gane ko wane ne.

Malamin Lissafi, Angwan Rogo:
Ni ban canza inji ba sam, kuma ina cikin waɗanda ba a wucewa a hawa. Boxer ce 100, yadda Bajaj suka ƙera ta. Sipoket kawai na taɓa. Ku raba haƙoran baya da na gaba: 15 a gaba da 38 a baya zai ba ku wajen 2.5, wato sai na gaba ya juya sau biyu da rabi kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Ku mayar 14 da 45, ya zama 3.2. Gudun miƙaƙƙiyar hanya ya ragu, amma ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma filin da muke zagayawa ba shi da miƙaƙƙen wurin da ya kai a ce an ƙure giya. Haƙori ɗaya a gaba yana daidai da kusan uku a baya, sai dai kada ku ƙanƙanta na gaba da yawa, kaca za ta riƙa cin ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya. Ni ma ranar farko kacata ta gaza tsawo, sai da na sayi wata na ƙara mata gaɓoɓi.

Masu CG kuma ku daina murɗa shi har ƙarshe kuna jiran ya yi kukan Yamaha DT. Honda sun fito da injin nan a 1975 don ƙasashe irin namu, inda ake loda wa babur buhu uku a manta da canjin baƙin mai. Sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, ba kacar taimin, shi ya sa ba ya mutuwa, shi ya sa kuma ba ya son juyi mai yawa. Ƙarfinsa a ƙasa yake, ku sa giya da wuri.

Alhajin Rikkos:
Duk kun yi maganar ƙarfe, ba wanda ya yi maganar takarda. Na sayi inji a hannun wani yaro da araha, ban nemi rasit ba. Muna ɗauke da baburan a bayan mota za mu wajen Shere, aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya duƙa ya karanta lambar inji, ya duba takardun babur, ba su yi daidai ba, kuma da gaskiyarsa. Na wuni ina bayani, yaron ya kashe waya, injin har yau ban sake ganinsa ba. Duk wanda zai sayar muku da inji, ya rubuta lambar da ke jikinsa a rasit, ya sa hannu gaban shaida. Kuma ku ɗauki babur a mota ko a Keke har filin, kada ku hau shi a titi ba fitila ba lamba.

Ɗan Gangare:
Na gode iyayen gida. Jiya na ɗora injin, notuna biyu kamar yadda Oga ya ce. Na sa rula, sipoket sun yi daidai, amma kacata 428 ce, na gaban kuma 420, don haka gobe zan shiga kasuwa. Batir na nan ban cire ba. Birki ne ban san yadda zan yi ba, kuɗina sun ƙare a taya. Wannan Asabar ɗin dai kallo zan zo. Mai Walda, ƙarfe nawa kake buɗewa ran Litinin? Kuma wa ke da tsohuwar ƙafar gaba mai faifai, inci 17, da zai bar min bashi zuwa ƙarshen wata?