Neman shawara: na kai faifai aji, hedimasta ya ce wasa nake

Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a aji biyar, wata firamare cikin birnin Zariya, yara 68. Darasin da'ira ya ƙi shiga. Sun haddace 22 bisa 7, lambar da ake ninka faɗin da'ira da ita a sami tsawon zagayenta, amma ba wanda ya san inda ta samo asali. Ran Asabar na je Ƙofar Gayan wajen gwaggona, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, da kuɗin saƙar faifai ta yi min kayan ɗaki, yanzu ido ya yi rauni amma hannu bai manta ba. Na aro faifai tara, manya da ƙanana. Yara suka zagaye bakin kowanne da zare, sannan suka gwada zaren a faɗinsa: sau uku da ɗan ragowa, babba da ƙarami duk haka. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, "Malama, ashe shi ne!" Ana cikin hayaniyar hedimasta ya leƙo. Litinin zai dawo. Ya zan yi?

Tsohon Hedimasta: 'Yata, shekara 35 na yi riƙe da alli. Yaro ya haddace tukuna, fahimta ta biyo baya. Ranar jarrabawa ba a raba faifai. Ki ba shi haƙuri, ki koma allo.

Maman Ummi: Mu iyaye ke ji a jika. Makarantar yarana aka ce a kawo kwali da gam, har yau ban ga abin da aka yi da su ba.

Mai tambaya: Maman Ummi, ko sisi ban karɓa ba. Baba, ai haddar suke yi tun aji huɗu.

Mai ɗinkin hula: Malama, kar ki fasa. Mu ma ƙirga muke yi. Zanen hula in ka kuskure ɗaya, ba zai haɗu a baya ba, sai ka warware. Zan aiko miki da guda biyu su ƙirga inda zanen ke maimaita kansa.

Malam daga Samaru: Ki kai su tsohon Masallacin Juma'a su ga bakan gizon rufin da shahararren maginin nan Babban Gwani ya ɗaura da ƙasa da azara tun zamanin Sarki Abdulkarim. Amma wai me hedimastan ya ce takamaimai? Kin rubuta shi a tsarin darasinki?

Tsohon Hedimasta: Wa zai tsallaka titi da yara 68? In wani abu ya faru, cikinku wa zai tsaya mata? Na faɗa, allo.

Mai tambaya: Ban rubuta ba, lokaci ne ya ƙure. Amma Baba, da ka ga fuskar yarinyar nan. Faifan ma suna nan ƙarƙashin teburina, ban mayar ba.