Masu narka gilas a Kaduna: yaya kuke yi da tsagewar duwatsu?

Maman Hanifa, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da hunturu ya shigo abin nan ya ishe ni. Zan naɗa dutsen ado na gilas a kan tsinken ƙarfe, ya fito sumul, launi ya zauna, in ajiye. Kafin gari ya waye sai in tarar ya dare gida biyu, daidai kan ramin zare. Wani ma ba a hannuna yake darewa ba, sai na shirya shi a sarƙa ko carbi, mai saye ta tafi da shi, sannan ta dawo min da ɓarin a ƙulle a leda. Wannan ya fi min ciwo, don sunana ne ke ɓaci. Da kan wutar gas nake aiki, ban mallaki tanderu ba tukuna. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai Walda, Panteka

Wa alaikumus salam Hajiya. Darewar da ta bi ramin zare a miƙe, sanyi ne ya buge shi. Bayan dutsen yana rigan cikinsa hucewa, ya ƙanƙance alhali cikin na nan da zafi, sai su yi ta jan juna har ɗaya ya saki. Ni na kafa langa-langa ta gefen da iskar hunturu ke shigowa, amma na bar sama a buɗe, don hayaƙin gas da na launi ba abin shaƙa ba ne. Kafin in cire dutse kuma sai na yi ta juya shi can ƙarshen harshen wuta har jan launin zafi ya ɗauke, sannan in cusa shi cikin toka mai ɗumi da tsinkensa. Ba na taɓawa sai washegari. Ƙananan nawa sun daina darewa.

Ɗan Bida, Kakuri

Abin da Malam ya faɗa shi na taso na gani a Masaga, unguwar masu aikin gilas a Bida. Tanderun ƙasa ne da zugazugi da itace, a narka fasassun kwalabe, a naɗa a kan ƙarfe, dutse da awarwaro su fito, a sa su cikin toka su huce a hankali. Kakanninmu ba su jira lantarki ba, kuma aikinsu ya zaga ƙasar nan.

Hajiya, Malali

Ɗana, ba na musun aikin Masaga, a wuyana ma akwai shi. Amma ka tuna a bakin tanderu suke aiki, inda ko'ina zafi ne, ba kan wuta guda a tsakar gida iska na kaɗawa ba. Ku yi haƙuri in faɗi abin da na gani da idona.

Toka tana hana dutse darewa a daren, ba ta cire ciwon da ke cikinsa. Shi ya sa na Maman Hanifa ke fashewa a hannun mai saye bayan sati biyu: ya fita da jan junan nan na ciki da baya a ɓoye, ranar da ya ɗan bugu da ƙofar mota ko aka wanke shi da ruwan zafi sai ya saki. Na yi shekaru ina amfani da toka, kuma manyan duwatsun da na yi a lokacin kaɗan ne suka rage.

Yanzu sandunan gilas na kamfanin Effetre nake narkawa, na Murano a Italiya, masu lamba 104, wato lambar da ke nuna yadda gilas yake buɗewa da zafi. Tanderuna yana tsaye a wajen digiri 510 a ma'aunin Celsius. Dutse na fita daga wuta, jan launinsa na ɗaukewa, sai ciki. In na sa na ƙarshe sai in bar su aƙalla minti 30 a wannan zafin, manya kuma awa guda. Daga nan zafin ya riƙa sauka a hankali har ya wuce 450 sosai, sannan in kashe, ƙofa a rufe har safe. Sauka daga 510 zuwa ƙasa da 450 ɗin nan shi ne aikin gaba ɗaya, nan ne ba a gaggawa. Kuma wanda ba shi da tanderu bai yi asara ba. Dutsen da ya huce a toka bai tsage ba, ana iya jera shi a tanderu mai sanyi, a ɗaga zafin sannu a hankali, a gasa shi daga baya.

Abban Sadik, Rigasa

Hajiya, matsalarmu wuta ce. Ana tsakar riƙon zafi sai a ɗauke. Abin da na lura, in dai ban buɗe ƙofar ba, bulon tanderun yana riƙe zafi, yawanci su tsira. In wuta ta dawo sai in sake gasa su daga farko. Yanzu ba na kunnawa sai janareta na kusa da mai a ciki.

Anti Mai Jigida, Barnawa

Ƙanwata, ki duba siffar tsagewar kafin ki ɗora wa hunturu komai. In a miƙe take, maganar Malam ce. In kuwa kin ga ta yi rassa a karkace daidai inda launi biyu suka haɗu, to gilasan ne ba sa jituwa, kuma ko tanderun Hajiya ba zai sasanta su ba. Kowane gilas da yadda yake buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Effetre 104 ne, na kamfanin Bullseye 90, irin na Pyrex mai jure zafi kuwa 33. Ni da kwalba na fara, har yau ina son shuɗin nan mai duhu na kwalbar turare, amma kwalba ba ta zuwa da lamba. Koren wannan kamfani da ruwan ƙasan wancan ba lallai su zauna tare ba. Dokata ita ce kwalba ɗaya, dutse ɗaya. In ina son ado sai in yi shi da siffa, in matsa, in tsaga da wuƙa, in bar launin yadda yake. Ga shi gilas ɗin kwalba ya fi tauri, kan wutar gas zalla yana shan wahala da shi, sai an haɗa da iskar oksijin.

Mai Walda, Panteka

Tunda Anti ta ambaci oksijin: kada maiko ko man shafawa ya kusanci kan tukunyar, wuta yake tayarwa. Sannan baƙin tabaron walda ya yi duhu da yawa ga wannan aikin, na rana kuma ba ya tare hasken rawayan nan da ke tashi in gilas ya shiga wuta. Akwai tabarau na musamman da ake kira didimiyam, shi za ku nema. Idanu ba su da kasuwa.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi

Allah ya saka da alheri. Na zazzage ledar na duba ɗaya bayan ɗaya. Yawanci a miƙe suke, amma masu ɗigon fari a kan kore duk rassa ne, kuma farin daga wata kwalba daban na samo shi.

Hajiya, Malali

To kin ga biyun duka sun same ki. Ki ware masu ɗigon nan, kada su shiga kasuwa. Sauran da suka tsira ki jiƙa su a ruwa ki zare tsinken, ki wanke farar ƙasar da ke cikin ramin, wadda ake shafa wa tsinke don kada gilas ya manne, tana jiƙe, kada ki kankare ta a bushe ki shaƙi ƙurar. Ranar Asabar nake kunna tanderu, kuma akwai wuri. Ki kawo na sanda daban, na kwalba daban, domin na kwalba ya fi son zafi, ba zan haɗa su gashi ɗaya ba. Abban Sadik, in kana da waɗanda wuta ta yanke musu, kai ma ka aiko.