Giwa a garin wani zomo ce: mutum kaɗai ake yi wa ita?

Mai Raguna: Salamu alaikum jama'a. Wata magana aka yar mini jiya a kasuwa, har yanzu tana yi mini yawo a ka. Balami na sauko da shi daga Potiskum, ragon da in ya miƙe sai ka ce maraƙi. Kwana tara a Legas, ruwa ya dake shi sau biyu, ga majina, ga zawo, ko dusa ya daina shinshina. Su kuwa gajerun awakin nan na Yarbawa suna ta kiwonsu cikin ruwan, ko a jikinsu. Maƙwabcin rumfata ya dube shi ya ce, "Giwa a garin wani zomo ce." Ni dai na san baƙo ake yi wa wannan magana. Ta hau kan rago?

Baban Agege: Wa alaikumus salam, ɗana. Asalinta ladabin baƙunci ne. Mahaifina fataucin goro ya kawo shi Agege. A garinmu ba a ɗaura aure sai ya iso, amma da ya sauka Ikko sai da ya yi shekara yana kwana a zauren wani, yaro ƙarami na yi masa tafinta. Kullum abin da yake gaya mana ke nan: girmanka a gida ka baro shi, ba a sa shi a jaka. Maƙwabcinka aro ya yi, kuma aron ya zauna. Sai dai ka lura da bakin da ta fito. Baƙo ya faɗa a kan kansa, tawali'u ne. Ɗan gari ya faɗa masa a ido, gori ne.

Ɗan Obalende: Baba, ni "zomo ne" na taso ina ji.

Baban Agege: Giwar ake ba labari, ita ce ta koma zomo. Faɗi yadda ka ga dama, ba za a kai ka gaban alƙali ba.

Malamin Kimiyya: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni a ganina ba aro ba ne, gida maganar ta koma, don daga dawa aka ɗauko ta. Duk wanda ya taɓa bin tirela daga Yobe zuwa nan ya ga darasin da nake koyarwa a aji. Ka taso cikin ƙaya da aduwa da rairayi, ka shigo ƙasar kuka da gawo da gero, wajen Neja ciyawa ta fi mutum tsawo ga kaɗanya da ɗorawa, daga Ibadan kurmi ya rufe, a bakin teku kuma sai itatuwan nan masu saiwa a waje suna tsaye cikin taɓo da ruwan zartsi. Ruwan sama ne ya yanka waɗannan iyakoki. Legas tana samun sama da milimita 1,500 a shekara, Kano ba ta cika kai 1,000 ba. Shi ya sa goron Baba bai taɓa yin gona a Kano ba, dabino kuma bai yi a Agege ba.

A cikin kowace shiyya kuma kowace halitta da gurbinta: me take ci, yaushe, a ina, wa ke cin ta. Dubi gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ganye, shi zubarwa yake yi, sai rani ya tofo. Ya bar wa gero rana, ya ba dabba inuwa da abinci lokacin da babu. Ita kanta giwar iri biyu ce a ƙasar nan. Ta Yankari giwar fili ce, ta dajin Omo a jihar Ogun giwar kurmi ce, ta fi ƙanƙanta, haurenta ya fi miƙewa don ratsa duhuwa. Haka shanu: bunaji da bokolo in tsando ya cije su sai sammore, amma muturu, ɗan guntun san kudu da muke yi wa dariya, yana jure ta. Balaminka an gina shi don zafi da bushewa ne, Mai Raguna, ba don laima ba.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, ban yarda duka ba. A Ikorodu nake, jirgin ruwa nake shiga zuwa aiki. Duk ƙarshen damina wata irin kainuwa mai furen shuɗi-shuɗi takan rufe tashar ruf, har ka rantse filin ƙwallo ne. Injin ya shaƙe, masunta su kasa jefa koma. An ce mini ba 'yar ƙasar nan ba ce. To ga baƙuwa ta zo garin wani ta fi 'yan gari ƙarfi. Ina zomon yake?

Malamin Kimiyya: Hajiya, kin taɓo inda nake so. Gaskiya aka gaya miki, daga Kudancin Amurka take, yankin kogin Amazon, kuma a 1984 aka fara ganin ta a ruwan Badagry. A garinsu akwai ƙwari da ke cin ta suna rage ta. Ta zo nan ta baro su can, ta tarar da ruwa mai ɗumi, ga dattin gari ya zame mata taki. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta.

Akwai ma wanda ya fi wannan, kuma zomo ne na gaske. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a jihar Victoria ta Ostireliya, don ya riƙa farauta. Babu sanyin da zai hana su haihuwa, masu cin su kaɗan ne, ga ciyawa har iyakar gani. Zomanyar Turawa wata guda take ɗauke da ciki, giwa kuwa wata 22 take ɗauke da ɗa guda. Suka cinye makiyaya har aka fara kafa shingen waya a 1901, mai tsawon sama da kilomita 1,800, bai tare su ba. Sai a 1950 da aka saki wata cuta ta zomaye suka ragu. Ashe baƙunci ba shi ke ƙanƙantar da halitta ba. Kowace halitta akwai abin da ke riƙe da linzamin yawanta: ruwa, abinci, wuri, cuta, ko mai cin ta. Balami ya zo ya tarar da sabon linzami, zomo ya je ya bar nasa a gida.

Ɗan Obalende: Ke nan sai mu gyara: zomo a garin wani giwa ne!

Baban Agege: Kai dai ba ka rabo da gyaran abin da bai ɓaci ba. Malam, na ji karatunka kuma na ƙaru, ban san zomo ya taɓa cin ƙasa da yaƙi ba. Amma masu magana ba lissafin dabbobi suka zauna yi ba, matafiyi suke ja wa kunne. Baƙon da ya shigo ya mamaye wuri ya hana 'yan gari shan iska, wa ya taɓa kiran sa giwa? Annoba ake ce masa. Yawa daban, girma daban. Kuma zancen linzamin nan ai sun riga ka, su suka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Uwar Biyu: Baba, a nan kam na bi ka, don ba mai gaishe da kainuwar nan a tasharmu. Amma Malam, me ke kashe ta da rani? Wajen watan biyu sai ka ga ta yi baƙi ta nutse, ba wanda ya taɓa ta.

Malamin Kimiyya: Gishiri. Da damina kogin Ogun da sauran rafuka suna turo ruwan daɗi cikin tafkin Legas, su kwaso ta su kawo. Ruwa na janyewa sai na teku ya shigo, ita kuwa ba ta jure zartsi. Taki na nan, rana na nan, abu guda ya isa ya tsayar da ita. Kamar bokiti ne mai huda a gefe, komai girmansa ruwa a bakin hudar zai tsaya. Baba, na karɓi gyara kan yawa da girma, amma ban janye ba: daga bakin mafarauci maganar nan ta fito kafin ta shiga zaure.

Baban Agege: Kawo mafaraucin mu tambaye shi.

Mai Raguna: To ni dai na kira likitan dabbobi ya yi masa allura, na ɗaga shi kan katako na lulluɓe rumfar da tampol. Da safen nan ya ɗan taɓa harawa. Baɗi in Allah ya kai mu sai Sallah ta rage kwana huɗu zan sauko da manyan. Wanda ke son wannan ya same ni bayan La'asar, akwai ragi.