Kotun masu shan ƙwaya ko ɗaurin talala?

An tambaya wanne ya fi wa wanda aka kama da laifin ƙwaya: kotun masu shan ƙwaya ko ɗaurin talala. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun fi karkata ga kotun masu shan ƙwaya, wato kotu ta musamman da ke tura mutum magani a maimakon kurkuku, irin wadda aka fara a Mayami ta Amurka a 1989. Hujjarsu ita ce, a can alƙali da kansa yake bibiyar mutum. A kai a kai za ka tsaya gabansa, an riga an gwada fitsarinka ba zato ba tsammani, ya dube ka ya ce, "Ka je wurin magani kuwa?" A talala kuwa, mutane kan yi wa jami'in sa ido ɗaya yawa.

Amma sun ja kunne. Kotun ta fi amfanar wanda ƙwaya ta kama sosai. Sabon shiga, talala ta ishe shi. Cusa shi cikin tsofaffin hannu ɓata shi ne.

Kafin ka sa hannu ka shiga shirin kotun, tuntuɓi lauyanka. Kotuna da dama sai ka amsa laifi tukuna, in ka kasa kammala shirin, ɗaurin kurkuku na nan yana jiranka. Ka kuma tambaya ko suna barin maganin metadon, wanda ake ba masu ƙoƙarin barin ƙwayoyi irin su heroin, domin wasu sun daɗe suna hanawa, abin da ni dai nake gani kuskure ne.