Wace na'urar gano kaya ce za ta yi mana aiki a Arewacin Kamaru?

Ɗan kasuwa, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan ƙananan na'urorin nan masu aiki da Bluetooth, waɗanda ake rataya wa makulli ko a jefa cikin jaka, domin idan abu ya ɓata mutum ya duba wayarsa ya san inda ya shiga. Ina sayar da atamfa da shadda a Garwa, kuma harkar tana kai ni Marwa da Kusseri a kai a kai, wani lokaci har in haye gadar Ngeli in shiga Injamena.

Abubuwa uku nake son in tsare. Akwai makullan shago, waɗanda suke yawo tsakanin hannuna da na yara, har wata safiyar sai an birkita tabarmi da aljihun riguna kafin a buɗe ƙofa. Akwai jakar tafiya da ƙullin kaya da ake ɗorawa a saman mota ƙarƙashin tamfol, inda idan aka tsaya a wata tasha aka sauke kayan wani fasinja, babu tabbacin ba a haɗa da naka ba. Sai kuma babur ɗin da yaron shago yake kai saƙo da shi.

Wayata Tecno ce, ta uwargida kuma Samsung. Sunayen da nake ji su ne AirTag da SmartTag da Tile da Chipolo, kuma duk mai sayarwar da ka tambaya sai ya rantse maka nasa ne ya fi. Wanne ya dace da irin wayoyinmu da irin hanyoyinmu? Allah ya saka da alheri.

Mai gyaran waya, Marwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a zo maganar wanda ya fi, ya kamata a san cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ke da GPS ko sim a cikinta. Abin da take yi kawai shi ne ta riƙa fitar da ɗan sigina na Bluetooth dare da rana. Idan wayarka tana kusa, za ta ji wannan sigina, ka danna manhaja na'urar ta yi ƙara, ka bi ƙarar ka ɗauki abinka. Nisan da ake rubutawa a jikin kwali, kamar mita 120 da Samsung ya ce SmartTag2 tana kaiwa, a fili ne wanda babu abin da ya tare, amma bangon siminti biyu ko ƙofar ƙarfe ta shago sun isa su rage shi ƙwarai.

Idan kuwa ka yi nisa da kayan, to wayoyin wasu mutane ne za su yi maka aikin. Duk wayar da ta gitta kusa da na'urar ta ji siginarta, sai ta aika da labarin wurin ta intanet a rufe, ba tare da mai wayar ya ga kayanka ko ya san na waye ba, kai kuma ka gani a taswira. Sai dai ba kowace waya ce take sauraron kowace na'ura ba. Kamar mai cigiya ne a kasuwa, idan da Fulatanci yake shelarsa, masu jin Fulatanci ne kaɗai za su iya kai labari. Saboda haka abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne irin wayoyin da suke cikin aljihun mutanen da ke wucewa kusa da kayanka.

AirTag ta kamfanin Apple, wadda ta fito a watan Afrilun 2021, ba a iya haɗa ta da Tecno ko wata waya mai Android, kuma kayan Apple ne kaɗai suke kai labarinta, don haka ka cire ta daga lissafi. SmartTag2 ta Samsung, da ta fito a Oktoban 2023, na'ura ce mai kyau, tana da ramin da ake zura zoben makulli, batirinta kuma yana daɗewa, amma da wayar Samsung Galaxy kawai take aiki. Idan ka saya, a wayar uwargida za a haɗa ta, wato duk lokacin da kake tasha a Mora, kan hanyar Marwa zuwa Kusseri, kana neman jaka sai ka buga mata ta duba maka. Tile tana aiki da Android da iPhone duka, sai dai wayoyin da suke sauraronta su ne waɗanda aka saka wa manhajar Tile ko ta Life360, kamfanin da ya saye ta a 2021, kuma a cikin wayoyin da suke zuwa teburina da wuya in ga mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya rage shi ne tsarin Google, wanda aka buɗe a Afrilun 2024 da sunan Find My Device, aka mayar da shi Find Hub a 2025. Yana aiki a wayoyi masu Android 9 zuwa sama, kuma Chipolo da Pebblebee da Motorola duk suna yin na'urorin da suke hawa kansa. A takarda wannan shi ne namu, tunda Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion ne yake yin su, su ne suka cika garuruwanmu, kuma manyan wayoyinsu Android ne. Amma kada in cika maka baki. Google ya tsara abin yadda, idan mutum bai canja saiti ba, wayarsa ba za ta kai labarin na'ura ita kaɗai ba, sai an samu wasu wayoyin su ma sun ji ta a wurin. Ban da haka, mutanenmu da yawa suna kashe data don kada ta ƙare, suna kashe Bluetooth don kada caji ya zube, wasu kuma ƙaramar waya mai maɓallai suke riƙewa, wadda ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan. A babbar kasuwa ko tashar mota za ka iya samun labari, amma a dajin da ke tsakanin Mora da Waza, inda a wasu wurare ko layin waya ba ya kamawa, kada ka sa rai.

Ga makullan shago ba sai an yi dogon tunani ba, domin a cikin gida ko shago suke ɓata, wayarka ce za ta ji su. Ka nemi mai ƙara sosai wadda take da ramin rataya. Ga jaka kuwa, ni Chipolo ko Pebblebee mai aiki da Find Hub zan ce ka ɗauka.

Hajiya, Injamena

Sannunku da ƙoƙari. Ni iPhone nake riƙewa, kuma AirTag nake sakawa a akwatina idan zan je Umara ko sarin kaya, don haka na ga bambancin da malamin Marwa yake faɗa da idona. A filin jirgin Jidda taswira ba ta tsayawa, kana ganin akwatin yana tafiya daga inda aka sauke shi har ya fito inda ake ɗauka, saboda masu iPhone sun yi yawa a wurin. Da zarar na dawo gida sai labarin ya riƙa zuwa jefi-jefi, idan kuma aka kai kayan ƙauye shiru za ka ji har sai ni da kaina na isa. Ga mai tafiyar jirgin sama da yake da iPhone ban ga abin da ya kai ta ba, musamman tun Disamban 2024 da Apple ya ba da damar mutum ya tura wa kamfanin jirgi wurin da kayansa suke idan sun ɓata. Haka nan a yawancin wayoyin iPhone daga 11 zuwa sama, idan ka matso kusa, kibiya take fitowa a fuskar waya tana nuna maka ɓangaren da abin yake da sauran mita nawa. Aibinta ɗaya, ba ta da rami, sai ka sake sayen ɗan gidan da za a saka ta.

Sai dai, Alhaji, ina ganin an ɗan rage wa abin daraja a maganar kayan saman mota. Idan kai ma kana cikin motar, ba ka buƙatar wayar kowa. Duk tashar da aka tsaya aka kwance tamfol, kafin direba ya tashi ka buɗe manhaja ka ga ko na'urar tana kusa har yanzu. Idan ta nuna ba ta nan, ka yi magana tun ba a bar garin ba. Ko da kuwa ba ka lura ba sai da aka isa Kusseri, manhajar tana riƙe da wuri na ƙarshe da lokacin da wayarka ta ji ta, kuma wanda ya kira tasha ya ce an sauke ƙullinsa a Marwa da misalin azahar ya fi wanda ya ce ya ɓata a hanya samun mai sauraronsa. Ka cusa ta can cikin tsakiyar atamfofin, kada ka rataya ta a waje inda yaron mota zai gani.

Makaniken babur, Gaundare

Ranka ya daɗe, ni a kan babur kawai zan yi magana, domin nan ne mutane suke zubar da kuɗinsu. Waɗannan na'urori an yi su ne don abin da ya ɓata, kamfanonin da kansu ba su ce maganin ɓarawo ba ne. Saboda wasu sun riƙa amfani da su wajen bin sawun mutane a asirce, Apple da Google sun haɗa kai a watan Mayun 2024, yadda iPhone ko Android za ta sanar da mai ita idan wata na'urar da ba tasa ba ta daɗe tana tafiya tare da shi, har ta ba shi damar sa ta yi ƙara ya gano inda aka ɓoye ta. AirTag ma da kanta takan yi ƙara idan ta rabu da mai ita tsakanin awa 8 zuwa 24 sannan aka motsa ta. Ka ga ke nan ɓarawon da yake da babbar waya zai iya samun sanarwa, ya ɗaga kujera ya ciro ta ya jefar a kwata.

Abin da ya dace da babur shi ne na'urar GPS mai sim, wadda ake haɗawa da batirin babur ɗin a ɓoye ta cikin wayoyinsa. Ita da tauraron ɗan'adam take sanin inda take, ta aiko maka ta layin MTN ko Orange, ba ruwanta da wayar masu wucewa. Wahalarta ita ce dole ka riƙa zuba wa sim ɗin kuɗi, in ba haka ba ranar da kake buƙatarta za ka tarar an rufe layin, kuma idan aka tsallaka da babur ɗin Cadi ko Najeriya sai layin yana da damar aiki a can za ta ci gaba da magana. Idan duk da haka kana son ka ƙara ta Bluetooth, kada a sa ta kusa da inji ko salansa, domin Apple ya ce AirTag ba ta jure zafin da ya wuce digiri 60, kuma ka san ranar watan Afrilu a Garwa.

Ka sanar da yaron cewa akwai na'ura a jikin babur ɗin, haƙƙinsa ne ya sani. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka sace aka ga gidan da yake a taswira, a tafi da 'yan sanda ko jandarma, kada a je da 'yan'uwa.

Ɗan kasuwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Maganar babur ta zauna, GPS zan nema. Saura tambaya ɗaya ga malamin Marwa. A kasuwarmu akwai wasu ƙanana masu araha sosai, mai sayarwa ya ce duk aikinsu ɗaya ne da na kamfanonin da kuka lissafa. Gaskiya ne? Kuma idan batirin ya ƙare, ana samun irinsa a nan ko jefar da na'urar ake yi?

Mai gyaran waya, Marwa

Alhaji, aikinsu ba ɗaya ba ne. Yawancin masu arahar nan da wayarka kaɗai suke magana ta wata manhaja tasu, babu wata wayar da take sauraronsu, saboda haka da ka bar wurin shi ke nan. Ga makulli a cikin gida za su iya wadatarwa, amma ga jaka ba su da amfani. Ka duba jikin kwali ka ga alamar Find Hub, kuma kada ka tsaya a nan, domin buga alama a kwali ba wuya ba ne. A buɗe a gabanka, a cire ɗan ledar batir, a kusanto da ita jikin wayarka. Idan ta gaskiya ce, wayar da kanta za ta fito da sanarwar haɗawa, sannan na'urar ta bayyana a cikin manhajar Find Hub ta Google. Wasu na Chipolo da Pebblebee suna iya hawa tsarin Apple ko na Google, amma ɗaya a lokaci guda, wasu kuma an yi su ne don Apple kaɗai, kuma irin waɗannan ne ake yawan sayar wa masu Tecno bisa kuskure. Kada ka sayi ta hannu sai mai ita ya cire ta daga asusunsa a gabanka.

Batirin da AirTag da SmartTag2 da yawancin Chipolo masu zagaye suke ci shi ne CR2032, mai faɗi kamar kwabo, ana samunsa wajen masu gyaran agogo da kwamfuta, kuma yakan kai kamar shekara guda. Na Pebblebee caji ake yi musu. Wasu na Tile kuwa a rufe suke, batirin yana kai shekara uku, idan ya mutu sai sabuwa. Tsohon batir kada a yar da shi inda yara suke wasa, domin idan yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, asibiti ake garzayawa nan take. Saboda ƙurar hunturu da ruwan damina, ka zaɓi wadda aka rubuta tana jure ruwa da ƙura. AirTag da SmartTag2 duk IP67 ne, wato ƙura ba ta shiga kuma suna jure faɗawa ruwa na ɗan lokaci.

A wayarka sai ka sa lambar kulle fuska, ka bar Bluetooth da alamar wuri a kunne, sannan ka shiga saitin Find Hub ka zaɓi wanda yake ba da damar aiki a ko'ina, har da wuraren da babu cunkoso, ka kuma sa yaran shago su yi haka a nasu. Ka fara da guda ɗaya tukuna. Ka ba yaro ya sa a aljihu, ya bar wayarsa a shago, ya zagaya babbar kasuwa da tashar motocin Marwa, kai kuma kana kallon taswira ka ga ko wurin yana canjawa da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka. Idan ka ga yana motsi, sai ka sayi sauran.