Besfa, Lifan ko sikuta? A taya ni raɗa wa wannan babur suna

1/ Jama'a, a kawo ɗauki. Wani Alhaji mai shagon babura a nan Kano ya ba ni takardar talla da Turanci, yana so in mayar masa da ita Hausa a karanta a rediyo. Komai ya tafi sumul, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: abin da Bature ke kira sikuta. Ina nufin babur ɗin nan mai ƙananan tayoyi, wanda ba a ɗaga ƙafa a tsallake tanki kafin a hau. Ta tsakiya ake shiga, a zauna kamar a kujera, a ajiye ƙafafu biyu kan shimfiɗa. Da ƙamus ya kasa raba mini gardama, sai na ce bari in je shagon in ji abin da masu abin ke faɗa da bakinsu. Wuni guda na yi a can.

2/ Shagon biyu ne a haɗe. Ta gaba wurin sayarwa, babura a jere kamar sahun salla, kujerunsu duk a leda, ga warin sabuwar taya ya cika ɗakin. A nan ƙarar ba ta da yawa amma ba ta yankewa: fanka na kaɗawa, yara biyu na farke kwali suna fito da babur gunduwa-gunduwa za su haɗa, kuma duk mai saye da ya shigo, kafin ya tambayi kuɗi sai ya danna hon. Fiit! Ban san me ake ganewa daga hon ba, amma ban ga wanda ya tsallake ba, har da wani dattijo da ya zo saya wa 'yarsa da ta samu aikin jinya. Daga nan sai "Nawa?", sai "Albarka", sai a yi shiru ana danna lissafi a waya, dillali na gefe yana kallon rufin ɗaki kamar ba la'adarsa ake lissafawa ba.

3/ Ka bi ta ƙaramar ƙofa ka fita baya, sai ka faɗa wata duniya. Gareji ke nan. Janareta na ruri tun safe. Sifana ta faɗi kan siminti, ƙwal. Mai faci na sakin iska, fuuu. Wani na dukan gindin salansa da guduma, wani ya cire fulogi yana karce shi da waya, rediyo a rataye jikin ƙusa yana ta labarai ba mai saurare. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ta sha baƙin mai na shekaru. Kuma kowane minti biyu sai wani ya murɗa totur har ƙarshe, wai yana gwada kafireta. A wurin nan ba a magana, ihu ake yi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

4/ Ogan garejin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Malam, zauna tukuna, ka fara jin su kafin ka sa musu suna." Yana tsugune ya juya wa ƙofa baya, amma duk babur da ya shigo sai ya faɗi irinsa bai waiga ba. Na tambaye shi sirrin, ya ce kuka uku ne kawai.

Na farko tsohuwar Besfa. Injinta irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, saboda haka kukanta siriri ne mai kaifi, tan-tan-tan-tan, tana tafe hayaƙi shuɗi-shuɗi na binta. Giyarta a hannun hagu take tare da kuloci, kana jin ƙas idan an murɗa an sa.

Na biyu roba-roba. Shi giyarsa a ƙafa, kukan na hawa ya sauka, ya hau ya sauka, ga sarƙa na ƙyal-ƙyal idan ta saki.

Na uku shi ne wanda nake nema wa suna. Ba shi da sarƙa, ba a sa masa giya. Baba ya kwance murfin gefe ya nuna mini: bel ne na roba a tsakanin wasu faifai, da 'yan ƙananan rola a ciki. Idan inji ya ɗauki wuta, rolar su buɗe waje su matse faifan, bel ɗin ya hau sama, gudu ya ƙaru da kansa. Shi ya sa kukansa ɗaya ne miƙaƙƙe, wuuuu, ba ya yankewa. Idan rolar suka cinye, sai ka ji kar-kar-kar lokacin tashi, kuma da wannan kukan kaɗai Baba ke yanke wa mai babur kuɗin gyara tun bai sauka ba.

5/ To, sunayen da na tattara. Na farko aro kai tsaye: sikuta. Ba ni da faɗa da aro, ai fulogi da salansa da totur duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Jam'inta ma ba wuya, sikutoci. Matsalarta biyu. A wuni guda ban ji ko mutum ɗaya ya furta ta a garejin ba. Sannan ko a Turancin kalmar ta yi wa kanta yawa, don da ita ake kiran abin wasan yaran nan mai taya biyu da ake turawa da ƙafa ɗaya. Ka ce a rediyo Alhaji ya sauke sikutoci, wani zai zaci kayan wasa ya koma sayarwa.

6/ Na biyu Lifan. Wannan shi ya fi yawo a bakin masu saye. Sunan kamfani ne na ƙasar Sin, an kafa shi a birnin Chongqing a 1992. Sunan kamfani ya zama sunan abu ba sabon abu ba ne a wurinmu: omo, magi, makilin. Amma da na sa kunne sosai, sai na ga abin da mutane ke nunawa idan sun ce Lifan yawanci roba-roba ne, mai manyan tayoyi da sarƙa, jikan Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100 nasa. Ɗan'uwa ne na kusa, shi ma ta tsakiya ake shigarsa, amma ƙafa kan ƙarfe take sauka hagu da dama, babu shimfiɗa. Idan muka ba wa biyun suna ɗaya, yaron da aka aika sayen bel zai dawo da sarƙa.

7/ Roba-roba ma haka, ya riga ya yi mai shi. Na so sunan ƙwarai, Hausa ce tsantsa a gininta, amma ba a ƙwace wa yaro suna a ba ƙaninsa.

8/ Wani ya rubuto mini cewa a ce "babur ɗin mata" kawai a huta. Ban karɓa ba. Gaskiya ne mata na son sa don zani da hijabi ba sa hana hawa, amma duk wanda ya yi wayo a Kano ko Zariya kafin zuwan baburan Sin ya san su wa ke kan Besfa: malaman makaranta, akawuna, 'yan kasuwa, da babbar riga da hula. Dalilinsu ɗaya da na matan, ba sarƙar da za ta cafke riga, ga garkuwa a gaba tana tare ƙura da taɓo. Kuma Alhaji ba zai biya kuɗin talla don a kore masa rabin masu saye ba.

9/ Yanzu ga wanda na ƙirƙira da kaina, na kuma yi alfahari da shi na tsawon awa biyu. Kalmar Vespa da Italiyanci sunan ƙwaro ne, dangin rina da zanzaro. Kamfanin Piaggio ya fito da Besfa a 1946, bayan yaƙin duniya na biyu ya rusa masa masana'antar jiragen sama a Pontedera. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya ƙaunar babur, yana ganinsa abu mai ƙazanta da wahalar hawa. Shi ya sa ya rufe inji, ya kai giya hannu, ya bar tsakiya a buɗe. Labarin da aka fi bayarwa shi ne mai kamfanin, Enrico Piaggio, da ya ga faɗin bayanta da sirantar ƙugunta sai ya ce ta yi kama da wannan ƙwaro, sunan ya bi ta. Bayan shekara biyu suka yi mai ƙafa uku suka sa mata Ape, wato ƙudan zuma.

Na ce shi ke nan, ai mu ma muna da ƙwaron. Zanzaro! Ƙugu siriri, baya tulu, ga kukan zzzz. Na faɗa wa Baba. Bai ce komai ba, sai ya ɗaga murya ya ce wa wani yaronsa, "Kai, je ka yi wa zanzaron can juye!" Yaron ya tsaya yana raba ido, ya dubi rigarsa, ya dubi wandonsa. Garejin ya fashe da dariya. Na manta cewa a bakin yaran yanzu zanzaro cusa riga cikin wando ne kafin ya zama ƙwaro. Rina kuwa, ba wanda zai sayi abin da sunansa harbi.

10/ Wannan ihun na Baba shi ya zama ma'aunina. Sunan da ba za a iya ƙwala shi daga wannan bango zuwa wancan ba, janareta na ruri, yaro ya ji ya turo abin da ake nufi, ba zai kwana a garejin ba. Da wannan ma'aunin "babur mai shimfiɗar ƙafa" ya faɗi, kodayake shi ya fi kowanne bayyana abin. Kafin ka gama faɗa an murɗa totur an cinye rabinsa. "Mai dandamali" da wata malama ta kawo ya fi gajarta, amma ya fi kama da sunan gida.

11/ Saura besfa. Gaɓa biyu, ta daɗe a bakinmu har harafin farko ya narke ya koma b, ga jam'i a shirye: besfofi. Na ce Baba ya gwada. Ya ƙwala, "Turo farar besfar nan!" Yaron ya wuce roba-roba uku da Boxer ɗaya, ya turo wata 'yar Sin mai bel, fara sol, wadda ba ta taɓa ganin Italiya ba. Ba wanda ya koya masa. Siffar ya bi.

Sai dai Baba da kansa bai gamsu ba, kuma dole in faɗi hujjarsa. Ya ce, "Malam, Besfa ƙarfe ce. Jikinta gaba ɗaya ƙarfe guda ne, ga tayar safaya a gefe, idan ta ƙi tashi ka kwantar da ita gefe ka ɗaga ka buga kik. Waɗannan kuwa ka cire roba, sai ƙashi." A wurinsa kiran 'yar roba da besfa kamar kiran jaki da doki ne. Na ce masa, Baba, ai ita kanta Vespa ta yanzu bel gare ta, ba giyar hannu. Ya ce wannan kuma matsalar Italiya ce.

12/ Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya rubuto cewa su can moto suke cewa, ko mai sarƙa ko mai bel, sai dai a ƙara sunan kamfani. Na gode. Amma ya ce idan aka ce besfa dattawansu sun san siffar da ake nufi, kuma wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, don rediyon ana kama shi har tsallaken iyaka.

13/ Abin da ya rufe maganar ya faru bayan azahar. An kashe janareta za a tafi masallaci, garejin ya yi tsit har kana jin ɗigar mai a cikin kwano. Muna dawowa sai ga wata ta sulalo ta ƙofa ba ko tari, saura ƙiris ta taka ƙafar mai faci. Ta caji ce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu tambayarta suka ƙaru, in ji Alhaji, kuma rabin tallan nasa ma a kanta yake. Ba fulogi, ba kafireta, ba salansa, ba juye. Kunnen Baba bai kama ta ba, karo na farko a wunin sai da ya waiga. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wannan kuma bebiya ce."

Da na ɗora suna a kan kuka, kamar yadda zanzarona ya so yi, da wannan ta fita daga dangi. Amma ga shimfiɗar, ga ƙananan tayoyin, ga garkuwar gaba. Ko Bajaj na Indiya, da ya yi shekaru yana ƙera Vespa da lasisi kafin ya fito da tasa Chetak a 1972, da ya tashi dawo da sunan a 2019 a kan ta lantarki ya ɗora shi.

14/ Ga abin da na rubuta a tallan. Besfa da ƙaramin harafi, sunan dangin duka. Ta da, besfa mai giya. Ta yanzu, besfa mai bel. Ta lantarki, besfa mai caji. Idan ana nufin ta kamfanin Piaggio takamaimai, a rubuta Vespa yadda masu ita ke rubutawa. Roba-roba ya zauna a matsayinsa. Ɗakin da ake jera su kuma na bar shi shago, don na gwada "zauren baje koli" Alhaji ya ce shi ba gwamnati ba ne.

15/ Sai ranar Litinin za a ɗauki muryar, saboda haka ƙofa a buɗe take. Mutanen Sakkwato, Jos, Damagaram, idan da wani suna da ake ƙwalawa a garejinku ban ji shi ba, ku ajiye mini a ƙasa, ku kuma faɗi jam'insa. Da zan fito da yamma dai na ji yaran Baba na gardamar wa zai kai bebiya caji.