Sabuwar siga ta fita, ina kuke ajiye jagorar tsohuwa?

Na Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da 'yar manhaja da masu injin casar shinkafa ke rubuta shansherar da ta shigo da buhunan da suka fita. Da muka saki siga 2.0, sai na goge tsohuwar jagora na rubuta sabuwa a wurinta, a ganina tsohuwar ta gama aiki. Kwana uku sai ga kira daga Jega. Wani akawu yana bin jagorar layi-layi, yana neman wurin shigar da bashin manomi bai gani ba, don 1.4 ce a kwamfutarsu. Da biro ya ƙarasa lissafin, manoma na zaune a ƙofa suna jiran kuɗinsu. Abin ya tsaya min a rai. Ku da kuka riga mu, yaya kuke yi?

Ɗan Gusau:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, Read the Docs nake amfani da shi, shafin intanet ne da ke ginawa da ajiye jagororin manhaja. Ka haɗa shi da ma'ajiyarka ta GitHub, inda ake ajiye rubutun manhaja, ka rubuta fayil ɗin saiti mai suna .readthedocs.yaml, wanda ya zama dole tun 2023. Duk sigar da ka liƙa wa lamba kamar v1.4.0, kana kunna ta zai gina mata shafinta da adireshinta. Kyauta ne idan manhajar a buɗe take ga kowa, in ta sirri ce sai ka biya.

Ka kula da abu guda. Cikin adireshin da zai ba ka akwai latest, mai bin aikin da kake kan yi, akwai stable, mai bin lamba mafi girma da ka saki. Na taɓa raba wa masu shagon magani adireshin latest, suka yi ta neman abin da ban ma gama ginawa ba. Stable za ka ba mutane.

Kuma kada ka dogara da intanet kaɗai. Da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, makonni babu mai buɗe shafi. Wanda ya sauke PDF tun farko shi ya ci gaba da aiki, sauran suka karɓa daga wayarsa ta Xender. Tun lokacin ba na sakin siga sai da PDF ɗinta, lambar na rubuce ƙato a bango.

'Yar Birnin Kebbi:
Yaya, ni MkDocs, manhajar da ke mayar da rubutu shafin jagora, nake haɗawa da mike, mai ware kowace siga daban, in ɗora a GitHub Pages, wurin ɗora shafi na GitHub. Kowace siga da jakarta a sashen ma'ajiyar da ake kira gh-pages, mai karatu ya zaɓa daga saman shafi. Iyakar shafin gigabait 1 ce, hotunan allo kuwa suna da ci, shi ya sa 1.4 kawai nake ajiyewa, ba 1.4.1 da 1.4.2 daban-daban ba.

Inda nake shan wuya shi ne Hausa. Malaman makarantun da nake yi wa aiki ita suke karantawa, don haka kowace siga aiki biyu ce. Duk da haka gara in jinkirta saki da in bar jagorar Hausa a baya.

Malami a Ƙaurar Namoda:
Ban yarda a ajiye komai har abada ba. Docusaurus, manhajar gina jagora da nake amfani da ita, kwafe jakar bayanan yake yi gaba ɗaya ga kowace siga, kuskure ɗaya sai ka bi shi jaka-jaka kana gyara. Uku nake riƙewa. Sannan maɓallin taimako da ke cikin manhajar ya kai mutum jagorar sigarsa kai tsaye, akawu bai san lambar da ke kwamfutarsa ba.

Na Argungu:
Malam, ukun ba za ta ishe ni ba, akwai injin da ke Yauri da har yau 1.1 yake kai. Amma maganar maɓallin na ɗauka. Na tono jagorar 1.4 daga tarihin Git, mai ajiye duk canjin da aka yi wa fayil, na mayar da ita PDF, yanzu na tura wa akawun Jega ta WhatsApp. Allah ya saka muku da alheri.